Ban Auna Kan Surukina Ba

Ni mai walda ne, kuma ba yabon kai ba, a layin garejin da ke bayan unguwar Sa'alaba a Jidda babu wanda ya kai ni iya lanƙwasa bututun ƙarfe. Abin da aka san ni da shi shi ne ƙarfen kariya na ƙananan motocin gudu, irin masu kujera biyu da ba su da rufin ƙarfe, sai rumfar tamfol da ake naɗewa baya. Bututu ne mai kauri, a lanƙwasa shi a kafa a bayan kujera ya ɗara kan direba tsawo, a ɗaure ƙafafunsa da jikin motar, a tokare shi ta baya. Amfaninsa ɗaya ne, in mota ta kife ƙarfen ya daki ƙasa maimakon wuyan mutum. Akwai filin tsere a bayan gari da wata ƙungiya ke buɗe wa masu motoci lokacin sanyi, kowa ya yi gudu iya son ransa ba ɗan sandan da zai bi shi. Amma mota marar rufi ba ta shiga filin nan sai da ƙarfen, kuma sai an gwada.

Gwajin ba shi da wuya. Direba zai zauna, ya sa hular kwano, ya ɗaure bel tamau. Mai duba motoci ya kawo miƙaƙƙiyar sanda, ya ɗora baki ɗaya a kan ƙarfen, ɗayan a saman gilashin gaba. Dole hular ta kasance ƙarƙashin sandar da ratar santimita biyar, kamar yatsu uku ke nan. In babu ratar, halas, wato shi ke nan, sai mutum ya juya da motarsa gida.

Shi ya sa ba na yanka bututu sai na auna mai motar. 'Ya'yan manyan Jidda nawa na zaunar a kujera, na kifa musu hula, na danna musu kai da tafin hannu ina cewa, "Zauna daidai, nan ba falon gidanku ba ne." Ina da baki, ina da saurin fushi, kowa ya sani, amma suna jurewa don aikina ba ya dawowa. A duk shekarun nan mutum ɗaya ne na yi wa ƙarfe ban auna shi ba. Surukina ne, mahaifin matata.

Baba muke ce masa. Mutumin Damagaram ne, ya zo aikin hajji yana saurayi ya zauna, ya yi shekara arba'in da wani abu yana gyaran inji. Shi ya ɗauke ni aiki lokacin da na sauka daga Maraɗi ban san ko yalla ba a Larabci, shi ya kai ni wurin kafilinsa, Balaraben da ya mallaki garejin, aka yi mini iƙama, takardar izinin zama, daga baya ya ba ni 'yarsa. Tun ranar da aka ɗaura auren nan ban ƙara cin abinci a gabansa ba, duk da a gareji ɗaya muke wuni. In an kawo ful da tamis, wato wake da gurasa, da safe, sai in ɗauki nawa in zagaya bayan injin walda. In yana zaune ba na tsayawa a kansa, tsugunawa nake yi. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Haka na ga ana yi a gidanmu, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba. Matata haihuwar unguwar Ruwais ce a nan Jidda, dariya take yi mini, wai ni kaɗai na rage a Jidda mai irin wannan kunya. Shi ma Baba ba ya kiran sunana, Mu'allim yake ce mini, yadda Larabawa ke kiran gwanin sana'a.

Motar da nake magana a kanta Baba ya samo ta a tashlih, inda ake jibge matattun motoci ana sayar da kayansu. 'Yar ƙaramar ja ce ƙirar Japan, gabanta a lotse, kyanwa ma ta haihu a cikinta. Ranar da aka sauke ta a ƙofar gareji na ce a raina tsufa ya fara taɓa Baba. Shekara biyar yana tayar da ita. In aiki ya lafa bayan la'asar sai ya yaye mata tamfol ya duƙa. Injin nan sau biyu yana warware shi har ƙusa ta ƙarshe. Rumfar kuwa da kansa ya zaɓo yadin a kasuwar Balad, ya zauna gaban mai ɗinkin kujeru kwana biyu har aka gama yadda yake so.

Filin tseren ba baƙonsa ba ne. Yakan bi motocin da ya gyara wa mutane, ya tsaya bayan shingen waya da akwatin sifana, ya karkata kunne yana sauraron inji. Wata rana muna dawowa daga can, ba tambayarsa na yi ba, ya ce, "Shekara arba'in ina gyara wa mutane gudu, ban taɓa ɗanɗanawa ba." Amma duk shekara in sanyi ya shigo na ce a yi wa jar motar ƙarfe, sai ya ce ba ta gama ba tukuna, sai baɗi.

Sai kafilinsa ya rasu. 'Ya'yan ba su da sha'awar gareji, suka sayar. Wanda ya saya ya karɓe ni da sauran ma'aikata, amma ya ce ba zai sabunta iƙamar wanda ya haura sittin ba. Mun yi yawo, mun roƙi wanda za mu roƙa, ba a dace ba. Aka buga wa Baba takardar fita ta dindindin, aka sa ranar jirgi. Da muka duba, ranar buɗe fili ɗaya ce ta rage kafin tafiyarsa, wata Asabar, kwana tara kafin jirgin. Wadda ke bi mata sai bayan wata guda.

Baba ya same ni ina goge wani ƙarfe ya ce, "Mu'allim, a yi wa jar nan ƙarfenta. Amma ka yi yadda rumfar za ta rufu a kansa, ba na son a ɓata ta."

Na ce, "To, Baba. In sha Allahu za ku shiga."

Mako uku nake da shi, aikin kuwa na kwana huɗu ne. Ba lokaci ne ya ƙure mini ba, kada wani ya nema mini wannan uzurin. Sau biyu ina ɗaukar tef da hular gwaji in nufi bencin da yake zama. In na zo kusa sai in fasa. Ta yaya zan ce wa surukina tashi ka zauna nan? In cire masa hularsa, in kifa masa kwano, in tsaya a kansa in danna masa kai kamar yaron da za a yi wa aski? Karo na farko na wayance na tambaye shi inda aka ajiye sifana goma sha biyu. Karo na biyu gaishe shi kawai na sake yi na wuce.

Na yi kuskuren faɗa wa matata. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Wallah, Malam, kai ma dai. Babana ne, ba sarki ba. Ka ce masa ya zauna, minti biyu an gama."

Na ce ba za ta gane ba, ita da ta tashi cikin Larabawa.

Ta ce, "To ba ni tef ɗin, gobe in ya zo cin abinci ni in auna shi."

Nan raina ya ɓaci. Na ce yaushe aka fara koya mini sana'ata a kicin, shekara nawa ina wannan aiki wani bai taɓa dawo mini da shi ba. Na faɗi maganganu da dama da ba su da amfani. Ta ce halas, ta juya ga tukunyarta. Da na ba ta tef ɗin nan da ba na rubuta wannan.

Ga abin da na yi. Baba dogo ne, amma shekara arba'in na duƙawa a kan inji sun ranƙwafar da shi, wuyansa ya yi gaba, kafaɗunsa sun zubo. Na faki idonsa yana zaune a benci ya jingina da bango, na ƙirga bulo nawa kansa ya kai. Da ya tafi masallaci na zauna a wurin na ga inda nawa ya tsaya. Bambancin bai wuce yatsu biyu ba. Sai na shiga motar, na sa hular gwaji, na auna kaina, na ƙara yatsu huɗu don a samu sarari. Da na duba, wannan tsawon daidai yake shiga ƙarƙashin rumfa, ko gogar yadin ba ya yi. Har daɗi na ji, na ce Allah ya raba ni da abin kunya.

Ƙarfen kuwa ya yi kyau, ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Na sa masa faranti masu kauri a ƙafafu, na bi waldar a hankali kamar ɗinki, na naɗa masa soso inda kai zai iya bugawa, na fesa baƙin fenti. Baba ya zagaya shi, ya shafa waldar da yatsa ya ce madalla. Ya shiga ya zaga layi da 'yar hularsa ta saƙa, a duƙe kamar kullum, na saci kallo na ga ƙarfen ya ɗara kansa sosai. Hular kwanon da ya saya sabuwa tana cikin jakarta, ya ce ba zai sa ba sai ranar, kamar yaro da kayan sallah.

Ranar Asabar muka fita bayan asuba, shi yake tuƙi. Ya sa fararen takalman roba da ban taɓa ganinsa da su ba. A hanya yana ta ba ni labarin kowace kwana ta filin, wadda ake shiga a hankali, wadda ke yaudarar mutum, duk ya haddace su daga bayan waya. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka da ni ba.

Mai duba motocin wani Balarabe ne da ya san ni, motoci da yawa da na yi wa aiki sun bi ta hannunsa. Ya duba taya da birki, ya leƙa ƙafafun ƙarfen, ya ƙwanƙwasa bututun ya ce, "Aikin Mu'allim ne, ba sai an faɗa ba." Sannan ya ce wa Baba, yadda suke kiran dattijo, "Ya ammi, bismillah, a zauna."

Baba ya cire hularsa ta saƙa ya miƙa mini. Ya zaro kwanon daga jaka ya sa, ya shiga, ya ja bel ya ɗaure. Sai ya kama sitiyari da hannu biyu ya miƙe. Wallahi tun da na san shi ban taɓa ganin bayansa a miƙe haka ba. Kafaɗun nan suka koma baya, wuyan ya tashi, ya zauna kamar saurayin da ya sauka daga jirgin alhazai. Ina tsaye da hularsa a hannu, tun kafin a kawo sandar na san abin da za a gani.

Sandar ba ta ma zauna ba. Bakinta ɗaya na kan gilashi, tsakiyarta ta hau kan hular Baba, ɗaya bakin yana lilo sama da ƙarfena.

Mai dubawar ya dube ni. Na ce a ba ni minti goma. Na roƙi Baba ya fito, na kwantar da bayan kujerar iya inda take zuwa, na zaro wuƙa na farke ta na ciro soson mazauni gaba ɗaya, kujerar da ya yi wata guda yana nema. Ya koma ya zauna kusan a kan ƙarfe. Aka sake ɗora sanda. Wannan karon ta zauna, amma ratar yatsa ɗaya ce da ƙyar. Na ga Baba yana ƙoƙarin noƙe wuya, yana zamewa ƙasa a hankali don a samu sauran. Dattijo mai jikoki yana ƙanƙantar da kansa a gaban mutane saboda aikina. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Mai dubawar ya tsuguna kusa da ƙofa ya ce, "Ya ammi, zauna yadda za ka tuƙa. Ba za ka iya kwana a noƙe haka ba, kana shiga fili za ka miƙe."

Nan na fara abin da na saba. Na ɗaga murya, na ce yatsu biyu ne fa suka rage, mutumin nan ba tsere zai yi da kowa ba, zagaye ɗaya a hankali, kwana tara suka rage masa a ƙasar nan. Na ce in zama ne a kujerar gefe ni in tuƙa, a bar shi. Na ce motoci nawa na gyara muku, yau ɗaya ba za a yi mini alfarma ba. Mutane suka fara taruwa. Mai dubawar kuwa bai yi fushi ba. Ya ce kujerar gefe ma ƙa'idar ɗaya ce. Ya ce in mota ta kife bel yana saki kaɗan, jiki yana tafiya wajen ƙasa, ratar nan ita ce tsakanin mutum da karyewar wuya. Ya ce, "Kai ma ka sani, Mu'allim." Na sani mana. Maganar da nake faɗa wa masu kawo mini aiki ke nan kusan kullum.

Baba ya kwance bel ya fito. Ya cire kwanon, gumi ya jiƙa masa furfura. Ya ce, "Halas, Mu'allim. Yana da gaskiya." Sai ya tambayi mai dubawar da Larabci ko motar za ta wuce in ni ne a ciki. Aka zaunar da ni, aka sa mini hular aro, aka ɗora sanda. Rata har ta yi yawa. Dole ta yi yawa, ai da kaina na auna.

Na ce wallahi ba zan shiga ba, mu tafi gida.

Ya ce, "Shekara biyar ina haɗa injin nan ban ji kukansa na gaskiya ba. A titi ba a sake shi. Shiga ka sake mini shi in ji."

Ban iya yi masa musu ba, ban taɓa yi ba. Aka canza suna a takarda, na zauna aka karanta mana dokokin tuta ban ji ko ɗaya ba, na shiga fili. Ni ba direban gudu ba ne, kowa wuce ni yake yi. Amma duk lokacin da na fito miƙaƙƙen layin da ke gaban 'yan kallo sai in taka har ƙasa, don a nan yake tsaye. Ina hango shi ta gefen ido a bayan waya, wurin da ya saba tsayawa, sabon kwanonsa a hammata, ya karkata kunne. Ya koma duƙensa. Zagaye huɗu na yi, hawaye suka hana ni ganin hanya, na fito.

Da na tsaya ya buɗe gaban motar ya saurara, ya taɓa nan ya taɓa can. Ya ce, "Kana saurin barin giya ta uku. Amma ta yi kuka mai kyau."

A hanyar dawowa ni na tuƙa, shi ya ce in tuƙa. Rana ta yi zafi, muka rufe rumfa, ta rufu lafiya lau a kan ƙarfen. Sai da muka fara ganin gidajen kudancin gari na tattaro ƙarfin hali na ce, "Baba, ku yafe mini. Ban auna ku ba."

Ya ce, "Na sani. Ai ina wurin."

Sannan ya ce, "Na ga ka zo da tef sau biyu ka koma. Na yi ta jira ka ce in zauna. Na so in ce maka ga ni, sai na ga kamar zan nuna maka ba ka san aikinka ba a gaban ma'aikata. Na ce bari in ƙyale shi, Mu'allim ya san abin da yake yi."

Na ce kunya ce ta hana ni.

Ya ce, "Ni ma ita ce." Ya juya yana kallon waje. "Duk 'ya'yan Larabawan nan ka dafa musu kai, ka yi musu faɗa kamar ƙannenka. Ni da na ɗauka na samu ɗa, ashe ni ne baƙon garejin."

Bai faɗe ta da zafi ba, da ma da zafi ya faɗa da ta fi mini sauƙi. Na riƙe sitiyari. Shekara goma sha ɗaya ina tsammanin girmama shi nake yi, ban taɓa tambayar kaina yadda abin yake a wurinsa ba, mutum ya wuni da kai kullum ba ka taɓa zama kun ci abinci tare ba.

Matata da ta ga fuskokinmu a ƙofa ba ta tambayi komai ba. Ta karɓi kwanon daga hannun mahaifinta ta shiga da shi ciki. Har yau ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba.

Kwana taran nan suka tafi a haɗa kaya da sallama da mutane. Ina iya cewa ya zo ya zauna in auna shi ko don gaba, amma yanzu kunyar ta zama biyu, ko ido ba na iya haɗawa da shi. Ranar tafiya na kai shi filin jirgi, na tsuguna na yi masa sallama, ya sa mini albarka, ya ce in riƙe motar. Ya wuce da 'yar jakarsa, bai waiwayo ba.

Bayan wata biyu na yanke ƙarfen na jefar. Na sauke kujerar har ƙasan motar, na yi sabon ƙarfe dogo, na cire rumfar na naɗe ta na ajiye don ba za ta ƙara rufuwa ba. Ban san wa nake yi wa ba. Idon Baba ya fara yin yana tun da ya koma, ba ya gani sosai, ko a Damagaram ba ya tuƙi yanzu. Duk da haka ranar da na gama na kira shi, bayan gaisuwa na ce, "Baba, na sake ƙarfen. In Allah ya kawo ku Umara lokacin sanyi, wannan karon za ku wuce."

Ya ce, "Madalla, Mu'allim. Da kan wa ka auna?"

Ya jira ni kaɗan, sannan ya ce in gaishe masa da yara.